Jikata Sa'adatu da makarantar bakin layin dogo

An buɗe makarantarmu! An cire kwaɗon!

Da safen nan labarin ya same ni, ko koko ban sha ba. Baba Dung ne ya zo yana dukan ƙofata da sandarsa, yana kira tun daga waje: "Isiyaku! Fito ka ga abin da matarka ta yi!"

Na fito da hula a hannu. Mu biyu tsofaffi, shi da sanda, ni da ciwon gwiwa, muka bi lungu har bakin layin dogo. Ƙofar firamaren a buɗe take. Babbar mota ta sauke kwanon rufi da katako, kafintoci sun riga sun hau kan ajin farko. Wani jami'i yana tsaye yana yi wa mai unguwa bayani: an janye maganar mayar da filin tashar mota, za a gyara azuzuwan, yaranmu su dawo.

Dung na ta magana a gefena. Ban ji ko ɗaya ba.

Assalamu alaikum, jama'a. Ku gafarce ni, murna ce ta riga gaisuwa fitowa.

Matar da Dung yake nufi ba Inna Mairo ba ce, uwargidana da muka tsufa tare. Jikata yake nufi, Dokta Sa'adatu, wadda ke koyarwa a jami'a. Tun tana goye nake kiranta amarya, ita kuma da ta iya magana ta sa mini suna tsohon miji, kamar yadda kaka da jika suka saba.

Ni ya kamata in yi wannan rubutu, don in ba ni ba babu mai yi. Babanta ɗana ne na fari, ita kuma 'yarsa ce ta fari. Kun san al'adarmu. Uba ba ya yabon 'yar fari a gaban mutane, ko sunanta ba ya kamawa. Ɗazu na gan shi a bakin makarantar, ya ajiye kekensa na haya a gefe yana kallon kafintoci. Mutane na yi masa barka, shi kuwa abin da kawai yake cewa, "Yarinyar ta yi ƙoƙari." Sai ya sunkuya yana goge madubin da babu datti a jikinsa.

Ni ma ban ce masa komai ba. Na dai ce, "Kai, mayar da ni gida, gwiwa ta gaji." Ya ɗauko ni, bai tsaya wa fasinja ko ɗaya ba, muka zo shiru, kowa ya san abin da ke zuciyar ɗan'uwansa.

Amma tsakanina da ita babu kunya. Ni kaka ne. Don haka ku gyara zama ku ji.

A cikin wannan makarantar na koyi karatun boko. Ina aiki a masaƙa a Kakuri, furfura ta fara fito mini, ban iya karanta sunana a jikin katin aiki ba. Sai aka buɗe ajin manya da yamma. Mu tashi daga aiki, auduga a gashin kai, mu zo mu zauna a bencin yara, gwiwa na dukan tebur. A nan muka shaƙu da Dung, mutumin Filato, shi ma ma'aikacin masaƙa. Ya fi ni lissafi, na fi shi rubutu, har yau bai yarda ba.

A lokacin Sa'adatu tana hannunmu. Da aka yaye ta Inna Mairo ta ɗauko ta, kamar yadda ake yi wa 'yar fari, a ɗakinta ta girma. Da safe tana cikin ajin, da yamma ni ina ciki. Takan tare ni a ƙofar gida, ta riƙe ƙugu.

"Tsohon miji, yau an dake ka?"

"Mu ba a dukanmu."

"To shi ya sa ba ka gane komai."

Da ta gama sakandare ta ce za ta karanci ilimin zamantakewa. Na ce wane aiki ake yi da shi? Ta ce ana nazarin yadda mutane ke zama da juna: wa ke zaune a ina, me ya kawo shi, me ke korarsa, ina yake samun ruwa, da wa yake gaisawa.

Na ce, "Wannan ai matan unguwa sun daɗe suna yi kyauta a gidan suna."

Ta ce, "Su ba sa rubutawa."

Ta yi digiri na farko, ta yi na biyu, ta yi na ukun da ake ce wa mutum Dokta. Duk a kan birni, kuma ba birnin wasu ba, wannan namu. Bayan masaƙu sun rufe ta bi tsofaffin ma'aikata gida gida tana tambayar da me suke ci. Ta zauna da 'yan garuwa. Ta shiga unguwannin da kogi ke ci duk damina, tana neman sanin me ya sa mutane ke komawa inda ruwa ya kore su. Wata rana na tambaye ta amsar da ta samu.

Ta ce, "A can aka san su. Mutum ya fi tsoron unguwar da babu mai ba shi aron gishiri fiye da ambaliya."

Bayan tashe-tashen hankulan da suka raba garin nan, da wasu suka tsallake gada suka koma can, wasu suka tsallako nan, kowa yana maganar waɗanda suka tashi. Ita sai ta zo tana tambayar waɗanda ba su tashi ba. Ta zaunar da ni da Dung a benci ɗaya, ta ce me ya hana mu. Dung ya ce, "In na tafi wa zai riƙa gyara wa wannan tsohon lissafi?" Ta rubuta har wannan.

Akwai wani halinta da nake so a sani. Duk binciken da ta yi, sai ta dawo wurin mutanen da ta tambaya, ta tara su, ta faɗa musu da Hausa abin da ta rubuta a kansu da Turanci. In wani ya ce ba haka ba ne, ta tsaya ta saurare shi. Ta ce maganar mutum amana ce, wanda ya karɓa dole ya dawo ya nuna inda ya kai ta.

An taɓa nemanta aiki a Abuja, da gida da mota. Ta je ta duba, ta dawo. Na ce me ya faru? Ta ce, "Tagar ofishin ba ta buɗuwa." Ban sake tambaya ba.

Ɗalibanta kuwa suna shan wahalarta. Ba ta yarda su koyi birni daga kan kujera ba. Takan zuba su a bas ta kawo su unguwarmu Makera, ko Nasarawa, ko Mahuta, ta ce kowa ya sauka ya nemi benci ya zauna. Ranar farko babu fom, babu tambaya. Ka gaisa, ka sha ruwan da aka ba ka, ka saurara. Na ji ta da kunnena tana faɗa wa wani saurayi mai takalmi mai sheƙi, "Wanda bai iya gaisuwa ba, ba abin da za a gaya masa sai abin da zai sa ya tafi." Sau da yawa zauren gidana ne masaukinsu. Inna Mairo ta dafa musu ɗan wake, tana mita tana ƙara musu.

Ana kiranta mitin a ofisoshin masu tsara gari. Wani lokaci a ɗauki shawararta, wani lokaci a sa a fayil. Takan dawo ta zube a tabarma ta ce, "Yau an tafa mini sosai. Ke nan ba za a yi ba."

Wannan wayar da nake rubutu da ita, ita ta saya mini. Ita ta kai ni aka auna mini ido aka ba ni tabarau. Ta zauna ta koya mini inda ake dannawa, ba ta ɗaga mini murya ba, sai dai dariya.

To ga yadda maganar makarantar ta taso.

Wata damina iska ta yaye rufin azuzuwan. Aka ce yara su zauna gida kafin a gyara. Gyara bai zo ba. Masu hali suka kai 'ya'yansu makarantar kuɗi. Wasu aka tura su firamaren da ke tsallaken babban titi, inda manyan motoci ke wucewa ba sa ganin abin da ke ƙasa. Wasu iyayen suka ce gara yaro ya zauna a gida da a kawo musu shi a hannu. Aka sa wa ƙofa kwaɗo, awaki suka gaji filin.

Sai aka turo wasu matasa suna bin gidaje suna tambaya, don hukuma ta san ko akwai yaran da suka isa a yi gyara dominsu. Ba su yi wa kowa rashin ladabi ba. Su yi sallama, su tambaya, su rubuta, su wuce.

Bayan wani lokaci mai unguwa ya tara mu ya faɗa mana sakamako. An ce yaran da suka isa shiga makaranta a yankinmu ba su da yawa. Za a haɗe su da na tsallaken titi, filin kuma a yi tashar mota.

Dung ya ce, "Ba su da yawa? To su wa ke hana ni barcin rana?"

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Na san abin da ke gabanmu. In aka zuba kwalta a filin nan an gama, ban taɓa jin an mayar da tasha makaranta ba. Kuma ƙananan jikokina suna cikin masu tsallaka titin nan. Kullum da safe ni da Dung mu tsaya a bakinsa, shi ya ɗaga sanda, ni in riƙe hannuwa, mu ƙetare da su muna salati, kowa da irin nasa. Mu kuma ba ƙaruwa muke yi ba.

Ranar Juma'a da Sa'adatu ta zo gaishe mu na zaunar da ita.

Na ce, "Amarya, manya suna jin maganarki. Ki je ki ce musu a bar mana makarantarmu."

Ta ce, "In ce musu saboda me?"

"Saboda a nan kika yi karatu. A nan na yi."

"Wannan dalilinmu ne, ni da kai. Ba nasu ba ne." Sannan ta ce, "Zan kawo ɗalibaina mu duba. Amma ka ji tun yanzu, tsohon miji. In na tarar da gaske yaran ba su da yawa, haka zan rubuta."

Maganar ba ta yi mini daɗi ba. Na juya mata baya ina jan carbi. Ta ajiye mini goron da ta kawo, ta ɗauki jakarta, ta ce, "In ka sake ni, ka aiko mini da takarda."

Inna Mairo daga cikin ɗaki ta ce, "Rubutun nasa wa zai iya karantawa?"

Da Sa'adatu ta dawo da ɗaliban ba ta fara da ƙirga ba. Ta shiga gidan maƙwabta, wurin Zulai, wata matashiyar matar aure. Ina zaure ina jin su ta kan katanga.

"Zulai, da waɗancan suka zo, me suka tambaye ki?"

"Sun ce 'ya'yana nawa."

"Kika ce musu me?"

"Na ce ga su nan." Na goye da mai rarrafe take nufi.

"Babban fa?"

Sai na ji Zulai ta ce, "Kai, Anti!" ta ruga ɗaki. Babban ɗan nata yana wurin kakarsa, Gwaggo Hansai, a lungu na gaba. Kuma shi ne wanda ya isa makaranta.

Sa'adatu ta wuce gidan Gwaggo Hansai. Ita ta ba ni labarin da bakinta.

"Gwaggo, me suka tambaye ki?"

"'Ya'yana."

"Kika ce?"

"Na ce duk sun yi aure, autan ma da gemunsa."

"Wannan da ke cin tuwo a gabanki fa?"

"Wannan ai mijina ne. Ba su tambaye ni miji ba."

Sa'adatu ta dawo zaure ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ta ce, "Uwa ba ta ƙirga shi ba saboda kunya. Kaka ba ta ƙirga shi ba saboda ba ita ta haife shi ba. Yaron yana nan yana cin abinci, yana yaga wando, amma a wurin hukuma babu shi."

Sai ta dube ni ta ce, "Da a lokacina aka zo, ni ma babu ni."

Wannan maganar ta zauna mini a rai har yau.

Ku duba fa. Unguwarmu cike take da ƙananan ma'aurata, kuma a irin waɗannan gidaje ɗan fari shi ne ɗan makaranta, ƙannensa ba su isa ba tukuna. Shi ne kuma wanda baki ba ya faɗa. Babu wadda ta yi ƙarya. Kunya ce, tarbiyya ce, abin da iyayenmu suka yabe mu a kansa. Matasan nan ma ba su yi laifi ba, abin da aka ce su tambaya suka tambaya.

A gidajen haya kuma wani abu ne daban. Maman Terna, 'yar Binuwai mai sayar da doya, tana riƙe da 'ya'yan ƙannenta da aka turo mata daga ƙauye don karatu. Ta ce wa Sa'adatu, "Dokta, mai gidan ne ya rako matasan nan har ƙofata, ya tsaya yana sakace haƙori. In faɗi yawanmu a gabansa? Gobe ai sai ya ce ɗakin ya yi tsada."

Don haka Sa'adatu ta sauya hanya. Ta ce wa ɗalibanta kada su tambayi iyaye, su nemi kakanni. Kuma kada su ce 'ya'ya, su ce jikoki. Wanne ke kwana a nan, wanne ke kwana wurin uwarsa, wanne aka kawo daga wani gari.

Jama'a, da kun ga abin da ya faru.

Tsohuwar da ba ka iya ciro kalma biyu daga bakinta, da an ce mata "jikokinki" sai ta gyara ɗaurin zane. Ta faɗi suna, ta faɗi laƙabi, ta faɗi mai fitsarin kwance da mai satar nama a miya. Wata ma sai da ta aika aka kirawo su ɗaya bayan ɗaya suka yi layi. A gidajen haya kuwa 'yan matan cikin ɗaliban suka riƙa haɗuwa da matan a bakin famfo, ko bayan an taso daga coci, da alkawarin ba mai gidan da zai ji.

Ni ma an zo kaina. Saurayin nan mai takalmi mai sheƙi aka turo mini, zuwa lokacin takalmin ya zama kalar ƙasar Makera. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, ya tambayi Inna Mairo, sannan ya shiga abin da ya kawo shi. Na fara lissafa masa. Da na kai kan Sa'adatu ya ce, "Baba, ita ai ta wuce firamare."

Na ce, "Rubuta dai. Jika ce."

Da Sa'adatu ta kai wa hukuma rahoton cewa yaran suna da yawa, ba a karɓe shi da hannu biyu ba. Wani a mitin ya ce ai unguwar kakanta ce, dole ta ga yara ko babu su. Wannan maganar ta yi mata zafi. Mai irin aikinta ba shi da shago, ba shi da gona, sunansa ne kaɗai. Ranar da aka ce yana son kai, daga ranar ba mai sake buɗe abin da ya rubuta.

Sai ta ce musu to kada su yarda da ita. A turo matasan da suka yi na farko su sake bi, da tambayar da ta gyara, ita kuma ba za ta taka unguwar ba har su gama. In suka samu saɓanin nata, a yi tasha, ita kuma ta janye rahoton a gaban kowa.

Da mai unguwa ya faɗa mini haka, sai na dafe kai. Na ce yarinyar nan ta ɗora makarantar da sunanta a faifai ɗaya.

Haka ta daina zuwa. Juma'a ta zo ta wuce babu amarya, wata ma ta zo ta wuce. Inna Mairo ta ci gaba da dafa abincin mutum uku, ta ce hannunta ya saba. Ko a waya ba ta yarda mu yi maganar ba. Ina farawa sai ta ce, "Yaya gwiwa?"

Matasan suka dawo. Na ga lokacin da suka shiga lungun Gwaggo Hansai, na kuma ga lokacin da suka fito, ɗaya na yarfe hannu don gajiyar rubutu. Gwaggo ta biyo su har ƙofa tana cewa, "Yau kam kun zo da tambayar mutane."

Ganina da Sa'adatu na ƙarshe satin da ya wuce ne, bayan sun gama. Ta ɗan rame. Ba ta san abin da suka samu ba, an ce sai kwamiti ya zauna. Bayan la'asar ta ce in raka ta, muka taka a hankali har ƙofar makarantar. Ta riƙe ƙarfen ƙofar tana kallon awaki a bakin ajin da muka yi tarayya ni da ita.

Na ce, "In suka ce tasha fa?"

Ta ce, "To na faɗi ke nan."

"Shi ke nan?"

"A'a. Ko sun yi tasha, sun riga sun ji cewa tambayar ce ba daidai ba. Unguwanni irin tamu suna da yawa, tsohon miji. Ko'ina akwai ɗan fari. Na fara koya wa 'yan ajina wannan, su kuma gobe su ne a ofisoshin nan."

Na ce ni dai makarantar nake so.

Ta yi dariya ta ce, "Na sani. Ni ma ita nake so. Ka yi mini addu'a, ka daina yi mini faɗa."

Na raka ta bakin titi ta hau keke. Shi ke nan ganinmu, sai labarin safiyar yau.

Na kira ta tun ina bakin ƙofar, ba ta ɗauka ba, tana aji. Daga baya ta turo saƙo. Ga abin da ta rubuta: "Alhamdulillah. Ka ce wa kafintoci su duba tagogin ajin baya, tun muna yara ruwa ke shiga."

Tun da na dawo gida nake zaune ina tunani. Shekaru na yi ina ganin aikinta kamar yawo ne da hira. Likita ya ba ka magani ka ji sauƙi, injiniya ya gina gada ka taka. Ita kuwa ta zo, ta zauna, ta sha ruwa, ta tafi. Sai yau na ga aikin nata da idona, a kan rufin aji, da guduma a hannu.

Masu tsara gari ba ƙin mu suka yi ba. Ba su gan mu ba ne. Mu kuma ba ɓoye musu muka yi ba, yadda aka rene mu muka amsa. Tsakaninmu da su ana buƙatar wanda ya san yadda suke tambaya, ya kuma san abin da bakinmu ba ya iya faɗa. Ban ce a bar kunya ba. Ni da nake wannan rubutu, ga shi har na kusa gamawa ban kama sunan ɗana ba, ba kuma zan kama ba. Amma wanda zai yanke hukunci a kan unguwa, ya kamata ya san irin mutanen da ke cikinta, ko ya nemi wanda ya sani.

Aiki dai yanzu aka fara. Rufi bai gama hawa ba, ba a kawo benci ba, ba mu san malaman da za a turo ba. Gobe ma ni da Dung muna bakin titi, sai ranar da aka ce yara su shigo. Amma yanzu mun san akwai ranar.

Allah ya yi wa Sa'adatu albarka. Allah ya tsare mata sunanta, ya ƙara mata haƙurin zama a bencin mutane, ya sa ta gama da duniya lafiya. Allah ya saka wa iyayenta, su da ba za su iya faɗa ba. Allah ya shiryar da ɗalibanta, ya sa su yi adalci ranar da biro ya zo hannunsu. Matasan da suka yarda suka sake bin gidajenmu ba tare da girman kai ba, Allah ya buɗa musu. Malamanmu na ajin yamma da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka makwancinsu.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, Musulmi da Kirista, ya sa ta a addu'a, ya kuma roƙa mana Allah ya sa a kammala aikin nan kafin ruwa ya sauko.

Sannan ku zo ku gani. Tsofaffin 'yan masaƙa, tsofaffin 'yan ajin yamma, duk wanda ya taɓa zama a bencin nan, da wanda ya tashi ya bar unguwar, ku zo. Ni da Dung mun sa an kai mana kujeru ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin ƙofa, can za mu koma mu zauna har la'asar. In kun sauka a bakin layin dogo ba sai kun tambayi hanya ba. Ku bi ƙarar guduma.